Tambaya da Amsa: Yaya Za a Yi da Dakarun Gama-gari a Wasan Yaƙin Tebur?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duka sun karkata ga abu guda, wato matsayin ƙananan dakaru a wasan yaƙi na 'yan mutum-mutumi, musamman irin wanda ake yi da mayaƙa kaɗan a duniyar almara mai matsafa da dodanni. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su ba tare da na taɓa abin da masu su suke nufi ba.

TAMBAYA: Malam, ina rubuta ƙa'idojin wasa na kaina. Kowane ɓangare yana da jarumai uku da dakaru goma, kuma na ba kowane mayaƙi takardarsa mai ɗauke da ƙarfinsa, saurinsa, makamansa da makin ransa, wato yawan raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi. Da muka gwada, wasan da na zaci zai ƙare cikin awa ɗaya sai da ya cinye mana awa huɗu, rabin lokacin kuma duba takardu muke yi. A ina na kuskure?

AMSA: Ɗan'uwa, kuskuren yana cikin lissafin da ka kawo da kanka. Mayaƙa goma sha uku a kowane ɓangare, takardu ashirin da shida ke nan a kan tebur, kuma idan kowace takarda tana ɗauke da lambobi shida kacal, kun ɗora wa kawunanku lambobi 156, waɗansunsu suna canzawa duk lokacin da aka sari wani. Babu ɗan wasan da zai riƙe wannan a ka, sannan ya sami sararin tunanin inda zai jera 'yan bakansa. Hankalin ɗan wasa ya fi komai ƙaranci a wurin nan, don haka tun kafin ka rubuta ƙa'idar farko ya kamata ka yanke shawarar mayaƙan da suka cancanci a kashe musu shi.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A wasan Chainmail, wanda Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar a 1971, ɗan mutum-mutumi guda yana wakiltar mutum ashirin ne a babban yaƙi, kuma a sashen almara da suka ƙara masa, da dakaru aka auna jarumai: jarumi yana faɗa kamar mutum huɗu, babban jarumi kamar takwas. Ka lura cewa dakare shi ne ma'aunin, kuma ma'auni ba ya amfani sai ya kasance abu mai sauƙi wanda kowa ya sani. Da wasanni suka koma ƙananan arangama, inda mutum-mutumi ɗaya yake nufin mutum ɗaya, sai masu rubutu da yawa suka ɗauka cewa tun da kowa ya zama mutum mai zaman kansa, dole kowa ya sami cikakken bayani irin na jarumi. Daga nan wasa yake fara yin nauyi.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka yayyaga takardun dakarun nan goma, ka maye gurbinsu da layi biyu ko uku: layin 'yan mashi, layin 'yan baka, wataƙila da layin masu takobi da garkuwa. Duk wanda yake cikin layi ɗaya lambobinsa ɗaya ne da na 'yan'uwansa, kuma makamin da ake gani a hannun mutum-mutumin shi ne makaminsa, yadda abokin karawarka zai leƙo daga ɗaya gefen ya gane abin da yake fuskanta ba tare da ya tambaye ka ba. Haka wasan Mordheim na kamfanin Games Workshop, wanda ya fito a 1999, ya yi: ya raba mayaƙa gida biyu, jarumai da mabiya, ana ɗaukar mabiyan rukuni-rukuni na mutum ɗaya zuwa biyar, kowane rukuni da makamai iri ɗaya da layi ɗaya a takarda. Akwai ma wanda ya wuce haka wajen sauƙaƙawa. Andrea Sfiligoi, a wasansa Song of Blades and Heroes na 2007, lambobi biyu kawai ya ba kowane mayaƙi, ɗaya ta nagarta, ɗaya ta iya faɗa, sauran bambancin kuma ya bar wa 'yan ƙa'idoji na musamman.

Makin rai shi ne abin da ya fi cinye muku lokaci, kuma shi ne ya fi sauƙin cirewa. Halin da dakare yake ciki ya kamata a gan shi a kan tebur, ba sai an nemo fensir ba. A Mordheim, wanda aka kayar ana kwantar da shi rigingine, wanda ya sume ana kifa shi rub da ciki, wanda ya fita daga faɗan kuma a ɗauke shi gaba ɗaya. Ina ganin wannan matsakaicin hali na faɗuwa yana da muhimmanci ƙwarai, shi ya sa ba na goyon bayan masu cewa a mayar da kowane dakare abin da sara ɗaya yake kawar da shi nan take. Bugu na huɗu na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2008, ya kawo irin waɗannan ƙananan maƙiya masu makin rai ɗaya tak, kuma sun dace da wurinsu, domin a can labarin jarumai ake bayarwa, maƙiyan kuwa an kawo su ne don a kashe. A wasan yaƙi akwai mutum a ɗaya gefen teburin wanda ya zaɓi dakarun nan, ya yi musu fenti, yana kuma son su. Dakaren da ya faɗi bai mutu ba yana tilasta wa kowa yanke shawara: mai shi zai tura wani ya tsaya a kansa, ko zai bar shi? Abokin gaba zai ɓata sara don ya ƙarasa shi, ko zai wuce? Duk wannan ka same shi ba tare da ka rubuta lamba ko ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam, ni da ƙanena muke yin wasan. Shi yana zuba dukkan makinsa na sayen mayaƙa a kan jarumai biyu da matsafi ɗaya, ni kuwa ina son runduna mai mutane da yawa. Kullum jarumansa suna share dakaruna ɗaya bayan ɗaya, har na fara ganin sayensu da fentinsu ɓata lokaci ne. Haka wasan yake, ko akwai gyara?

AMSA: 'Yar'uwa, akwai gyara, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a cikin duka, domin wasan da dakarunsa suka zama ado kawai ya rasa rabin daɗinsa. Sai dai gyaran da yawancin mutane suke fara yi, wato ƙara wa dakare ƙarfi a takarda, ba shi ne daidai ba. Idan kika ɗaga lambobinsa har ya kusa kamo jarumi, kin kashe bambancin da ya sa ake kiran wasan na almara. Dakare ɗaya ya kamata ya ji tsoron jarumi. Abin da ake so shi ne jarumi shi ma ya ji tsoron dakaru huɗu.

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a kan tebur hakan ba ya tabbata sai ƙa'ida ta tabbatar da shi. Mu ɗauki dayis, ɗan abin jefawar nan mai fuska shida. A ce dakare ba ya samun jarumi sai ya jefa biyar ko shida, damarsa ɗaya cikin uku ke nan. Idan su uku suka taru a kansa, damar a sami ko da sara ɗaya ta shiga ta kai 19 cikin 27, kimanin kashi 70 cikin ɗari. Idan kuma ƙa'ida ta ce wanda aka yi wa taron dangi ana samunsa tun daga huɗu, damar ta tashi zuwa bakwai cikin takwas. Canjin lamba ɗaya ne, amma ya isa ya sa ƙanenki ya daina kutsa jaruminsa tsakiyar mutane shi kaɗai. A Frostgrave, wanda Joseph McCullough ya rubuta, kamfanin Osprey ya wallafa a 2015, dayis mai fuska ashirin ake jefawa, kuma kowane ɗan'uwa da ya shigo faɗan don taimako yana ƙara maki biyu a kan abin da aka jefa. Wasan Middle-earth na Games Workshop ya bi wata hanyar da nake ganin ta fi kowace kyau: kowane ɓangare yana jefa dayis gwargwadon yawan sarar mutanensa da ke cikin faɗan, mai lamba mafi girma ya ci, wanda aka ci dole ya ja da baya inci ɗaya, idan kuma babu wurin ja da bayan saboda an kewaye shi, sai a ninka sarar da za a kai masa. A wannan tsari dakaren da bai ko ɗaga takobi ba, ya tsaya kawai ya toshe hanya, yana iya zama sanadin mutuwar babban jarumi.

Akwai iyaka ta zahiri da ya kamata ki sani. Idan gindayen da aka kafa mayaƙan a kai zagayayyu ne kuma girmansu ɗaya, mutum shida ne kawai za su iya taɓa mutum ɗaya a lokaci guda. Jarumin da ya jingina da bango ya rage wannan adadi sosai, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ko kan siririyar gada kuma mutum ɗaya ko biyu kawai zai fuskanta. Saboda haka shimfiɗar teburin tana cikin ƙa'ida ko da ba a rubuta ta ba. Idan kullum ƙanenki ne yake jera gine-gine da duwatsu, ki duba ko ba lunguna yake cika teburin da su ba.

Abu na gaba shi ne a ba dakaru aikin da jarumi ba zai iya yi shi kaɗai ba. Muddin sharaɗin nasara shi ne kashe kowa, mai manyan jarumai ne zai riƙa ci. Ku sa akwatunan ganima biyar a wurare daban-daban, ko tutoci uku da dole a tsare a lokaci guda, nan take za ki ga mutum uku ba su isa ba, komai ƙarfinsu. Frostgrave a kan wannan ya ginu: dukiya ake nema a cikin kangon wani daskararren birni, wanda ya ɗauki akwati tafiyarsa tana raguwa da rabi, kuma babu mai hankalin da zai ɗora wa matsafinsa, wanda shi ne shugaban ayari, kaya alhali yana da ɓarawo mai sauri da aka ɗauka don wannan aikin. Sau da yawa wanda ya ci wasan shi ne wanda ƙaramin yaronsa ya sulale da akwati ya fice daga tebur yayin da manya suke ta gumurzu.

Sannan mutuwar dakare ta zama tana da nauyi. A Mordheim, da zarar kashi ɗaya cikin huɗu na ayari ya fita daga faɗa, sai an riƙa gwada ƙarfin zuciyar shugaba a farkon kowane zagaye, idan ya gaza kowa ya watse. Ayarin mutum uku, faɗuwar mutum ɗaya ta isa ta kai shi wannan matsayi, na mutum goma sha biyu kuwa sai an kayar da uku. Idan duk wannan bai wadatar ba, ku sa iyaka tun wajen zaɓen runduna, kamar yadda Song of Blades and Heroes ya hana a kashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na maki a kan fitattun mayaƙa.

Zan ƙara gargaɗi ɗaya, don kada gyaran ya wuce gona da iri. Frederick Lanchester, wani injiniya ɗan Ingila, ya wallafa lissafi a 1916 wanda ya nuna cewa idan mayaƙa suna harbi daga nesa, kowa yana iya auna wanda ya ga dama, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta a ninke da kansa. 'Yan baka goma a gefe ɗaya, biyar a ɗaya gefen, duka masu gwaninta ɗaya, ƙarfin masu goman ɗari ne, na masu biyar ɗin kuma ashirin da biyar, kuma bisa lissafin, lokacin da biyar ɗin suka ƙare, masu goman sun saura kusan tara. Ma'anar wannan ita ce ɗan baka na goma ya fi na farko daraja ko da makin sayensu ɗaya ne. Idan kun yi gyare-gyaren da na ambata, ku sa iyaka ga yawan masu harbi, in ba haka ba wata mai zuwa ƙanenki ne zai rubuto mini.

TAMBAYA: Malam, muna motsa mayaƙa ne bi da bi, ni ɗaya, abokina ɗaya. Idan yana da goma sha biyar ina da bakwai, sai nawa su ƙare, shi kuma ya yi motsi takwas a jere ba ni da abin yi. Yaya ake magance wannan?

AMSA: Ɗan'uwa, tsarin bi da bi yana da daɗi domin babu mai zama yana kallo na dogon lokaci, amma yana ba mai mayaƙa da yawa masu araha wata riba ta ɓoye: yana iya ɓata motsin farko da mutanen da ba su da muhimmanci, ya jira ka nuna duk niyyarka, sannan ya saki manyansa. Maganin da ya fi sauƙi shi ne dakaru su riƙa motsi a rukuni, uku ko huɗu a matsayin motsi ɗaya, jarumai kuma ɗai-ɗai, yadda yawan motsin ɓangarorin biyu zai kusanci juna.

Na fi son a ɗaure motsin dakaru da shugabanninsu. A Frostgrave matsafi ne yake fara motsi tare da dakaru har uku da suke cikin inci uku daga gare shi, sai yaronsa mai koyon tsafi ya yi haka da nasa ukun, sauran dakarun da aka bari su kaɗai kuma sai daga baya. Wannan ya sa kusanci da shugaba ya zama abin nema, kuma tura mutum can nesa shi kaɗai ya zama shawara mai farashi. Hanyar Sfiligoi ta bambanta: kai ne za ka zaɓi jefa dayis ɗaya, biyu ko uku don motsa mayaƙi, kowace nasara aiki ɗaya ce, amma idan biyu suka gaza damar wasa ta koma hannun abokin karawa. Ga dakaren da yake buƙatar huɗu ko fiye, jefa dayis uku yana nufin rabi da rabi ne ka rasa damarka, jefa biyu kuma ɗaya cikin huɗu, jefa ɗaya babu haɗari ko kaɗan. Mai runduna babba yana da mutane, amma ba shi da tabbacin zai motsa su duka, kuma wannan ya yi kama da yadda taron da ba shi da horo yake.

TAMBAYA: Malam, dakaruna duk kamarsu ɗaya, a tsakiyar wasa sai in manta wane ne na wane rukuni.

AMSA: Ɗan'uwa, ka shafa wa gefen gindin kowane rukuni launinsa, ja ga wannan, shuɗi ga wancan, ko ka bambanta launin garkuwoyinsu. A girman mutum-mutumi na milimita 28 da aka fi amfani da shi, daga inda ɗan wasa yake tsaye launi ake gani kafin fuska.

TAMBAYA: Malam, muna yin jerin wasanni masu ci gaba, inda ayari ɗaya yake tafiya daga faɗa zuwa faɗa. Wani ɗan mashina ya tsira sau biyar, har ya taɓa kashe dodo, amma a takarda yana nan daidai da wanda na ɗauka jiya. Ya kamata dakaru su riƙa samun ƙwarewa kamar jarumai?

AMSA: Ɗan'uwa, manyan wasannin da kansu sun rabu a kan wannan. A ainihin ƙa'idar Frostgrave dakaru ba sa samun ƙwarewa ko kaɗan. Matsafi ne yake girma, ayarin kuma ba ya wuce mutum goma, wato shi da yaronsa da dakaru takwas, waɗanda ake sallama a ɗauki waɗanda suka fi su idan dukiya ta samu. Mordheim ya tsaya a tsakiya: rukunin mabiya yana tara ƙwarewa a tare, idan ci gaba ya zo kowa a rukunin ya samu, kuma ɗaya daga cikin sakamakon da dayis zai iya bayarwa shi ne a ɗaga mutum guda daga cikinsu ya zama jarumi, muddin jaruman ayarin ba su kai shida ba. Ko wajen mutuwa an bambanta su. Jarumin da ya faɗi yana da dogon jadawalin raunuka, yana iya rasa ido ko a kama shi fursuna, mabiyi kuwa dayis ɗaya ake jefa masa bayan wasa, ɗaya ko biyu ya mutu, uku zuwa shida ya tashi lafiya.

Ni ina tare da tsarin Mordheim, kuma dalilina shi ne ɗan mashin nan naka. Jarumin da ka saya da maki tun ranar farko kai ne ka ƙago masa labari, wanda ya taso daga cikin dakaru kuwa labarinsa a gaban idonku ya faru, abokan wasanka duka shaidu ne, kuma ba na tsammanin akwai abin da yake riƙe mutane a dogon wasa kamar wannan. Sai dai dole ƙofar ta kasance ƙunƙuntacciya. Idan kowane dakare yana tara ƙwarewarsa daban, bayan wasa shida za ka koma halin mai tambayar farko, da takardu ashirin da shida a gabanka, kuma ayarin da ya fara cin nasara zai yi wa sauran nisan da ba za su kamo shi ba.

Ga abin da za ku iya gwadawa. Duk dakaren da ya yi wani abin a zo a gani, kamar kayar da jarumi ko dodo, ko fitar da ganima a hannunsa, a ɗiga masa farin fenti a gefen gindinsa. Ɗigon farko ba ya canza komai, sai dai ya ba ka izinin raɗa masa suna ka rubuta a ƙarƙashin gindin. A ɗigo na biyu ya sami damar sake jefa dayis sau ɗaya a kowane wasa, abin da ba ya buƙatar takarda tun da ɗigon yana nan kowa yana gani. A na uku ne zai bar layin rukuninsa ya sami takardar kansa, da sharaɗin akwai gurbi a cikin jarumai, idan babu kuma ya jira har wani ya faɗi. Kafin ya kai nan, dayis ɗin mutuwa ɗaya ne da na sauran dakaru, ba a sassauta masa. Ɗan mashinka, bisa wannan lissafi, yana da ɗigo ɗaya na dodon da ya kashe, don haka ka nemo masa suna kafin wasanku na gaba.